Fasfo a Ƙasan Ramin Laoban Liang

Yaya Zalika ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ranar Asabar ta kira ni ina cikin wani shagon ɗinki a Xintang, gefen birnin Guangzhou, ina duba wandunan jins da wani ɗan Kantin Kwari ya sa a ɗinka masa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Badamasi, in kana son ka tarar da Baba da rai, ka taho. Kwana uku ke nan bai sa komai a bakinsa ba. Duk wanda ya ɗaga labule sai ya tambaya ko kai ne."

Shekara shida rabona da Kano. Kullum sai in ce bari in gama da takardun zama, bari in sallami wannan kwantena, bari azumi ya wuce. A tsaye a shagon na fara neman tikiti. Da ƙyar na samu kujera ɗaya a jirgin da zai tashi daga filin jirgin Baiyun ranar Litinin bayan isha'i. In na rasa ta, sai Juma'a.

Duk wanda ya san ni a garin nan ya san abin da nake yi da ranar Lahadina. Wasu su tafi kallon ƙwallo, wasu su yi barci, ni kuwa sai in hau mota in wuce bayan Zengcheng, inda akwai wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika shekaru da yawa. Wani dattijo ne ke kula da wurin, Liang, muna ce masa Laoban, wato maigida. Shi ya koya mini nutso da tulun iska a baya. 'Yan'uwana na kasuwar Canaan ba irin tsiyar da ba su yi mini ba. Sarkin Ruwa, Angon Kwaɗi, duk na amsa. Wani ma ya ce da teku nake zuwa mai kifaye ja da shuɗi irin na talabijin da ya fahimta, amma mutum da gemunsa ya biya kuɗi don ya shiga kududdufi? Gaskiyarsa, ruwan kore ne, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki. Abin da ke ciki bai wuce tsohon baro ba, da tayar babbar mota, da kututturen bishiya, da wata ƙatuwar tarwaɗa da ta mai da bututun siminti gidanta. Amma ina son wurin, so na gaske. A ƙasan ramin nan waya ba ta ƙara, ba wanda zai ce launin wando bai yi ba, ba yaron da zai nuna ni da yatsa don fatata baƙa ce. Numfashinka kawai kake ji. Shekara biyar ina shigarsa, na san shi fiye da yadda na san unguwar da nake kwana.

Ranar Litinin da hantsi na ce sai na je na yi wa Laoban sallama. Ban san yaushe zan dawo ba, kuma ba a raine ni in bar gari ban sallami wanda na ci abincinsa ba. Abokina Tankari, mutumin Dogon Dutsi da ke haɗa wa 'yan Nijar kaya, shi ya ce zai kai ni a motarsa, daga can mu wuce filin jirgi. Akwatunana na bayan motar. Na yi wanka na saka sabuwar shadda ruwan toka, da hula, don ba zan shiga gidan mahaifina Malam Nababa da wandon jins kamar ɗan tasha ba.

To a nan tsautsayin yake. Baƙar fata ba ya taka titin Guangzhou ba fasfo a jikinsa, ko shagon bakin layi za shi. Nawa yana cikin leda, ledar tana cikin wata 'yar jakar fata tare da makullan shago da na ɗaki, kullum kuma tana aljihun wando mai zik. Ran nan sai ga ni cikin kaftani. Na zura ta a aljihun ƙirji, inda kowane Bahaushe ke sa abinsa mai muhimmanci, na dafa ta na ji tana nan.

Mun tarar da wurin ba kowa sai Laoban, da auduga a kunnensa na dama. Sati biyu da yi masa aiki a kunnen, likita ya hana shi ko wanka ya bari ruwa ya shiga. Ya zuba mana shayi, na gaya masa halin da mahaifina ke ciki, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Tankari ya leƙa ruwan ya kwashe da dariya.

"Wannan ne? Wallahi tabkin bayan garinmu ya hi shi kyau. Nan kaka zuwa duk sati?"

"Kai dai ba ka san daɗin miya ba sai ka tsoma," na ce masa.

Azahar ta yi. Tankari ya tambayi buta, na ce wace buta ga ruwan Allah tsarkakakke a gabanmu? Akwai wani dandamalin katako da Laoban ya ɗora a kan durom-durom, yana shawagi a bakin ruwan, daga nan muke faɗawa. Muka hau, muka naɗe hannun riga, muka tsuguna. Na wanke hannu, na kurkure baki. Na sunkuya sosai in kamfato ruwan wanke fuska, sai na ji aljihuna ya yi sakayau. Ƙarar ma ba ta kai ta tsakuwa ba. Ina kallo jakar ta juya sau ɗaya, ta yi ƙasa, koren ruwan ya rufe ta. Na kai hannu har kafaɗa, na damƙo ruwa.

"Mi ya hwaɗi?" in ji Tankari.

Na dafe ƙirjina. Ya kalli aljihuna, ya kalli fuskata, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ƙarfe ɗaya da rabi ne. Na san lissafin ba sai an gaya mini ba. In fasfo ya ɓata, sai ka kai rahoto, ka nemi takardar tafiya, ka koma neman izinin fita, ko da gudu kake yi sai ka ci sati biyu. Wane sati biyu mutumin da ya yi kwana biyar bai ci abinci ba yake da shi?

Laoban ya ɗauki waya ya shiga kiran abokan nutsonmu. Ɗaya yana Shenzhen. Ɗaya yana wurin aiki, sai gobe. Na ukun bai ɗauka ba. Ya kalle ni ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Babu. Ita ce kalmar da na fara koya a ƙasar nan, ban taɓa tsanarta kamar ranar ba.

Na fara cire kaftanin.

Laoban ya tare ƙofar ɗakin da muke ajiye kaya. Da guntun Turancinsa da guntun Sinancina muke magana, amma ran nan ba abin da ya ɓace mini. Ya ce in na yi nutso ba ni ba hawa jirgi sai bayan kwana ɗaya cur. Ya juya ga Tankari yana yi masa bayani da hannu, yana nuna kwalbar lemo: in mutum ya yi zurfi, iskar da yake shaƙa tana narkewa a jininsa, tana buƙatar lokaci ta fita a hankali. In ya hau sama kafin ta gama fita, sai jinin ya yi kumfa kamar an girgiza kwalba an buɗe. Wani ya shanye, wani ya mutu a kujerarsa.

"Na sani, Laoban," na ce. "Kai ka koya mini. Amma ƙarƙashin katakon nan akwai tudun dutse a mita shida. In a kai ta tsaya, minti biyar ya ishe ni. Mita shida ba komai ba ne."

"In ba ta nan fa?"

"Sai in fito."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ƙarya nake, ni ma na sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya kauce, ya ɗauko tulun da ya fi cika, ya duba bututun da kansa sau biyu. Ya ɗaura mini igiya a dandamalin mai nauyin darma a ƙarshenta, ya sake ta ƙasa daidai inda jakar ta faɗa. Ya buga agogon nutson da ke hannuna da yatsa ya ce, "Mita shida. Ka ji? Shida."

Tankari na tsaye da hulata a hannunsa, dariyar nan duk ta gudu. Ya ce, "Aboki, ka yi bismilla." Na yi, na faɗa.

Ruwan ya karɓe ni kamar kullum, bai san yau daban ba ce. Na bi igiyar na sauka kan tudun. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, laka mai laushi ta lulluɓe shi. Na haska tocila na bi shi kusurwa-kusurwa. Ga murfin kwalba, ga tsohon cokali. Can bakin gaɓa na ga wani sabon zane a jikin lakar, siriri, ya tafi ya faɗa cikin duhu. Nan jakar ta sauka, ta zame, ta wuce.

Daga bakin tudun nan bango ne a miƙe har mita ashirin da tara. Na tsaya ina riƙe da dutse. Na tuna alkawarin da na yi wa tsohon da ke sama. Sai na ga Baba yana juya kai wajen labule. Na saki dutsen.

A mita goma sha biyu sanyi ya soke ni, kamar kullum, kamar an buɗe firji. Kore ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma baƙi. Na sauka a hankali don kada ƙafata ta taɓa ƙasa, domin lakar wurin in ta tashi sai ta wuni ba ta kwanta ba. Ga tayar motar a hagu. Na san ke nan baron yana gabana taku biyar, kuma duk abin da ya gangaro daga tudun tsakaninsu yake tsayawa, don na sha tsinto tabarau da makullan mutane a nan. Na fara bi, ɗani bayan ɗani. Ba ta nan. Na koma na sake. Agogon ya ce saura minti tara in bar ƙasan ramin. Na faɗaɗa da'irar har gindin kututturen. Saura huɗu. Numfashina ya fara sauri, ina jin iskar na tafiya kamar ana zuƙe ta da mazirari, na ce wa kaina Badamasi ka nutsu, amma ina, zuciya ba ta jin Hausa a irin wannan wuri. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji a ramin nan ba.

Agogon ya fara kuka. Lokacina ya ƙare. Abin da ya kamata in yi shi ne in kama igiya in hau.

Maimakon haka sai na yi abin da na sha yi wa sababbin shiga faɗa a kansa. Na durƙusa a cikin lakar na zura hannuwana biyu. Nan take komai ya rufe, ko tocilar da ke hannuna ban gani. Na shiga lalube kamar mai neman allura a ɗaki ba fitila. Dutse. Waya. Gwangwani. Wani abu mai santsi ya goge ni ya wuce. Ina kuka a cikin gilashin fuskata, ina kiran sunan Allah ta cikin bututu. Na daki baron da gwiwa, na gane inda nake, na zura hannu ƙarƙashin bakinsa, inda gangaren ke tara shara. Yatsana ya taɓa zik ɗin jakar.

Na cusa ta cikin rigar robar nutso da ke jikina, a kan fatar ƙirjina. Da na fita daga gajimaren lakar sai na duba agogo. Ya ce lallai in tsaya minti goma sha huɗu a kusa da sama kafin in fito. Allurar tulun kuwa ta shige ja, iska ta kusa ƙarewa. Na hau a hankali iya yadda zan iya, na kama igiyar a mita uku, ina shaƙar iskar kaɗan-kaɗan kamar mai tattalin ruwan buɗa-baki. Ina hango ƙasan durom-durom ɗin, da inuwar mutum biyu sun sunkuyo. A minti na biyar na ja numfashi, na ji wayam. Na sake ja, babu. Na fito.

Tankari ne ya jawo ni kan katakon, yana ta kabbara. Na zaro jakar, na yage ledar. Fasfon a bushe yake ƙarau. Na ɗaga shi sama ina dariya ina tari. Laoban bai kalli fasfon ba. Ya kamo hannuna ya karanta agogon, fuskarsa ta canza. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Ya kwantar da ni a benci, ya ɗora mini abin shaƙar iskar asibiti da yake ajiyewa, ya rubuta sunan wani asibiti a takarda ya danƙa wa Tankari. Ya ce can akwai ɗakin ƙarfe da ake rufe masu nutso a ciki a matse kumfar ta koma. Ya ce yanzu-yanzu.

Na cire abin daga fuskata na ce lafiyata ƙalau. Da gaske kuwa ba abin da nake ji sai gajiya. Na yi sallar da ban yi ba, na mai da shaddata, na rungume tsohon da ƙarfi. Bai rungume ni ba. Ya bi motar har bakin hanya yana faɗa wa Tankari sunan asibitin.

Mun hau babban titi wajen ƙarfe huɗu. Na kira Yaya Zalika, can safiya ce. Na so ta ce jikin da sauƙi, ko da ƙarya ne, in samu inda zan raɓe.

"Ka taso?" ta ce.

"Yaya, an samu 'yar matsala. Na shiga ruwa ɗazu, an ce wai bai kamata in hau jirgi yau ba, sai..."

"Ruwa?" Na ji ta fita daga ɗakin ta ja ƙofa. "Badamasi, Baba na kwance ana diga masa ruwa da cokali, kai kana can kana wasan ruwa? Jiya sau uku yana ce wa ƙaninmu Abdulgani Badamasi. Ni ban san wata matsala ba. In za ka zo ka zo." Ta kashe.

Ban ji haushinta ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, shekara shida.

"Mi ta ce?" in ji Tankari.

"Ta ce in taho. Mu je Baiyun."

"Tsohon nan hwa ya ce..."

"Tsohon nan ba ubansa ne ke kwance ba. Tuƙa mota, Tankari."

Ya ci gaba da tuƙi. Na lissafa masa: kafin jirgi ya tashi na samu awa takwas, kuma dokokin nan ai duk da ƙari ake yin su don tsoratarwa. Idonsa na kan titi. Ni ma ba shi nake gaya wa ba.

Wajen Xintang na fara jin ƙaiƙayi a ƙirji. Na ce sabuwar shadda ce. Can gaba kaɗan kafaɗata ta dama ta fara ciwo, wani ciwo daga can cikin ƙashi, kamar ana murza ƙusa a hankali. Na ce tulu na ɗauka. Na gyara zama, na mai da fasfon hannun hagu don kada Tankari ya lura. Ciwon ya sauko gwiwar hannu. Yatsuna biyu suka mutu, na mintsine su ban ji ba. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga duk da sanyin motar. A zuciyata nake roƙo: ya Allah awa ashirin kawai, in gan shi ya gan ni, bayan nan hannun ma a yanke.

Titin ya zo inda yake rabuwa biyu. Babban allo kore a sama, hoton jirgi da kibiya ta yi dama, cikin gari kuma a miƙe. Tankari ya rage gudu. Motoci na ta yi mana oda a baya. Ya juyo ya dube ni sosai, ya dubi yadda na rungume hannun a jikina.

"Badamasi," ya ce a hankali. "Ni ban iya karatun allon nan ba yau. Nuna mini hanyar da hannunka na dama, in bi."

Na harare shi. Shekara tara yana bin titin nan. Na ce a raina wannan ai ba wani abu ba ne. Na umarci hannun ya tashi. Na cije leɓe, na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, har sai da na ji jiri. Hannun ya ɗaga kamar ɗani ɗaya daga cinyata, ya yi rawa, ya koma ya kwanta.

Tankari ya miƙe da motar. Ina kallon kibiyar ta wuce ta gefen tagata. Na zage shi, na roƙe shi, na haɗa shi da Allah da Annabi da darajar iyayensa. Hawaye na zuba a gemunsa, amma bai juya sitiyarin ba.

Sau uku suka rufe ni a ɗakin ƙarfen nan cikin kwana biyu, kuma ba a shiga da waya. Ranar Laraba da yamma na fito daga na ukun, hannuna ya dawo, ina iya dunƙule shi. Tankari na zaune a benci a bakin ƙofa da wayata a cinyarsa, ya cire hularsa. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. An kira tun ina ciki, ya ce. Da asuba ne. Har sun dawo daga maƙabarta.

Na zauna a inda ya tashi. Na tambaye shi ko Yaya ta faɗi wani abu. Ya yi ta juya hular a hannunsa kafin ya amsa.

"Ta ce daren jiya ya sa an ɗage labulen an ɗaure. Wai don kada ka shigo bai gan ka ba."